Ƙodar Gimbiya

Shafi na 19

Masu cewa na cika tsayawa a bakin ƙofa, yau dai mun shiga ɗakin. Bismillah.

*

Tun daga tsakar gida na jiyo tarin Yaya. Gajere ne, busasshe, kamar mutum na son jan numfashi ana riƙe masa.

Kwana huɗu ba na gari, asibitin da nake aiki ya tura ni wani taro na ma'aikatan ɗakin magani. Saƙon Anti, matar Yaya, shi ya taso ni kafin a rufe taron. Layi biyu ne kawai: ƙuraje sun feso masa, Goggo ta hana a fita da shi.

Na tura ƙofar ɗakin. An ja labule, an kashe fanka. Yaya na kwance an shafe shi da farin maganin ƙaiƙayi tun daga goshi har tafin ƙafa. Umma na zaune a gefen darduma ta yi tagumi. Anti na tsaye jikin durowa riƙe da kofin ruwa. Kujera ɗaya ce a ɗakin, Goggo ce a kai, tana yi masa fifita da kwalin kalanda.

Goggo yayar mahaifinmu ce. Tun da Baba ya rasu, maganarta ce doka a gidanmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta ɗora duk son duniya a kan Yaya. Sunan mahaifinta gare shi, shi ya sa ba ta kiransa da komai sai Babana.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Ga mai ƙirga ƙwaya ta iso," ta ce. "To, ki ajiye bokonki a waje tare da takalminki."

Yaya ya buɗe ido. Malamin lissafi ne, ko a kan gadon ciwo ba ya rasa abin ƙirgawa.

"Malama Shiru, kin zo kallon fenti? Ɗari biyu da sha huɗu na samu a hannun dama. Na hagu kuma…"

Tari ya katse shi.

Akwai abin da mu huɗu muka sani a ɗakin nan, Goggo ba ta sani ba. Shekara biyu da suka wuce ƙodojin Yaya suka daina aiki, aka yi masa dashe. Anti ce ta ba shi tata. Goggo kuwa ce mata aka yi aikin gyambon ciki ne, saboda hawan jininta, da kuma sanin da muka yi cewa ba za ta yarda a sa wa Babanta naman wani ba. Anti da kanta ta roƙe mu kada a faɗa wa kowa. Ta ce ba ta son zaman da za a riƙa yi mata godiya safe da yamma.

Da Goggo ta zo dubiya a lokacin, sai ta tarar miji na kwance, matar ma na kwance a wani ɗakin, Umma na kai mata abinci har gado. Tun daga ranar ta raɗa mata Gimbiya. Shekara biyu Anti na amsa sunan nan, ba ta taɓa ɗaga kai ba.

Dashen kuma da sharaɗinsa ya zo. Ƙarfe takwas na safe da takwas na dare Yaya na shan magungunan da ke kwantar da garkuwar jikinsa, don kada jikin ya ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa ya yaƙe ta. Mai shan irin waɗannan, ciwon da yaro zai yi yana wasa a tsakar gida, shi yana iya kai shi kabari.

Na ɗan ɗaga labule haske ya shigo. Goggo ta yi tsaki, na yi kamar ban ji ba.

A ƙarƙashin farin maganin na ga sababbin ƙuraje masu ruwa suna fitowa a tsakanin tsofaffin. Wasu sun yi baƙi, jini ya kwanta a cikinsu. Akwai su a tafin hannunsa, akwai a cikin bakinsa. Na kafa ido a kan agogon bango ina ƙirga ɗagawar ƙirjinsa. Sau talatin da biyu a minti ɗaya. Lafiyayyen mutum bai cika wuce ashirin ba.

Goggo na ta bayani ba tare da an tambaye ta ba. Ƙarambau ne, ta ce, ita ta gane shi tun daga bakin ƙofa shekaranjiya. Ba a kai shi asibiti. Allura na taɓa mutum ƙurajen za su koma ciki, shi ke nan. Barinsa ake ya gama fitowa don kansa. Laifin ma duk na Gimbiya ne, da ta bar 'yarsu tana hawan jikin ubanta sati biyu da suka wuce, lokacin da yarinyar ta kwaso shi a makaranta.

Na matsa kusa da Umma, na yi ƙasa da murya. Na ce ai ta ce Yaya ya yi ƙarambau yana yaro. Ta ce ƙwarai kuwa, shi ya sa ma da ƙurajen suka fara fitowa suka ɗauka na zafi ne. Shekarar da muka tare a gidan nan dukanmu muka yi, ita da hannunta ta jera mu huɗu a tabarma.

Ashe kunnen Goggo na wajenmu.

"Wa ya yi? Babana?" Ta yi dariya har da buga cinya. "Ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito masa ba. Ranar da na ga na farko a goshin wannan shiru-shirun, a ranar na ɗaure masa kayansa na tafi da shi gidana. Wata biyu ya yi a wajena, sai da kuka gama ɓare-ɓarenku na dawo da shi fes."

"Huɗu fa na jera," Umma ta ce mata.

"Na huɗun ɗan ƙanwarki ne da ya zo hutu. Mai kunnen nan kamar faranti. Kin manta shi ya fi kowa kuka?"

Na ga bakin Umma na motsi, tana ƙirga mu da yatsu. Ta kai na huɗu ta tsaya. Hannun ya sauka a cinyarta a hankali.

Ni kuma takardar asibiti na tuna. Kafin dashen an ba mu wata doguwar takarda mu cike. Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, ni aka miƙa wa biro. Da muka zo kan tambayar ƙarambau na waiwaya na tambayi Umma, ta ce ya yi, na rubuta. Da a'a na rubuta, da an yi masa rigakafi tun kafin aikin, don bayan dashe ba a yin irin wannan allurar. Da mun sani, ranar da ƙurji ya fito wa 'yarsa za mu garzaya a ba shi maganin kariya. Mutum ɗaya ce a duniya ta san amsar gaskiya, ita ce kuma muka ɓoye wa.

Wayar Yaya ta ɗauki ƙara. Ƙarfe takwas na safe.

Anti ta buɗe durowa ta ɗauko gwangwanin nan da ɗalibai ke zuba rula da kamfas. A ciki yake ɓoye magungunansa. Kwana biyun nan sai Goggo ta zagaya take samun ba shi, yau kuwa Goggo ba ta da niyyar motsawa.

"Mene ne wannan?"

"Maganinsa ne, Goggo."

"Kawo." Ta karɓe gwangwanin ta tura ƙarƙashin cinyarta. "Mai ƙarambau ba ya shan ƙwaya. Da kin san zafinsa da ba ki kwanta kin bar uwarsa da jinyarsa ba wancan karon. Koma ki tsaya inda kike, Gimbiya, kada ki gaji."

Anti ta koma jikin durowa.

Ni ba mai magana ba ce. A jami'a shekara biyar na yi ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. A gaban Goggo kuwa gaisuwa ce iyakata. Na dubi Yaya, ya gane abin da ke raina, ya girgiza mini kai. Na dubi ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Goggo, ki ba shi maganin."

Ta waiga hagu da dama kamar mai neman inda muryar ta fito.

"Ba gyambon ciki aka yi wa Yaya aiki ba. Ƙodojinsa ne suka mutu. Dashe aka yi masa. Wannan maganin shi ke riƙe da ƙodar, shi ne kuma ya raunana garkuwar jikinsa. Ƙarambaun yara daban, nasa daban. Nasa ba a fata ya tsaya ba, ina jin ya fara taɓa huhu."

Kwalin kalandar ya tsaya a iska.

Ta dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai. Ta dubi Yaya.

"Babana, gaskiya ne?"

"Ki yafe mini, Goggo."

"Ƙodar wa?"

Na saci kallon Anti. Ta ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

"Wani bawan Allah ne ya taimaka," Umma ta ce.

Goggo ta ajiye kwalin kalandar. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauka. Ta ce ashe an yanka ɗanta an ɗinke, ita tana can tana aiko masa da maganin gyambon ciki kamar wata sakarai. Ashe ita bare ce a gidan ƙaninta. Ta ce yaron da ta goya har bayanta ya yi kanta.

"Goggo," na ce, "duk abin da kika ce mun cancanta. Ki yi mana faɗan gobe, ki yi jibi. Amma numfashinsa ba zai jira mu ba. Akwai maganin wannan ciwon, ta jijiya ake sa shi, kuma duk awar da ta wuce ƙwayar cutar gaba take yi."

"Allura ke nan."

"Allura ce."

"In ƙurajen suka koma ciki fa?"

"Ki kama ni."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ta kafa mini ido. Ban sauke nawa ba.

Ta zaro gwangwanin ta miƙa wa Anti ba tare da ta kalle ta ba. Ta tashi ta yafa mayafinta, ta sunkuya ta lalubo takalman Yaya a ƙarƙashin gado ta sa masa da hannunta. Da Anti ta matso za ta kama shi, Goggo ta ture ta da gwiwar hannu.

"Matsa. Ke da ko bokiti ba ki iya ɗauka ba."

Ita da ni muka tallabe shi har mota. Umma ta zauna gida da jikarta.

*

A hanyarmu ta zuwa asibitin da nake aiki na kira likitar ƙoda da ke duba Yaya tun bayan dashen. Na gaya mata kwanakin ƙurajen, kalarsu, da adadin numfashinsa. Na gaya mata bai taɓa yin ƙarambau ba, abin da ke fayil kuskure ne, kuma rubutuna ne. Ba ta tsaya a kan wannan ba. Ta ce kada mu bi ta zauren jira, akwai masu ciki da masu shan maganin ciwon daji a wajen, ƙwayar kuma a iska take tafiya. Mu zagaya ta ƙofar baya, a sa masa takunkumi.

Ɗakin da aka kai shi na ƙarshen baranda ne, shi kaɗai, da tagar gilashi a jikin ƙofa. A waje akwai kujerar roba guda ɗaya. Goggo ta zauna a kai. Anti ta jingina da bango.

Nas ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya wa ya taɓa yin ƙarambau, don wanda bai yi ba ba zai shiga ba. Na nuna mata tabon goshina. Anti ta ce ta yi tana firamare. Goggo ta ce ita ta yi tun kafin a haifi uwar nas ɗin.

Aka ɗebi jini. Aka ɗauki hoton ƙirji. Aka sa masa robar iska a hanci, aka maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke jininsa. Tamanin da takwas ya nuna. Da iskar ta fara shiga ya hau casa'in da biyu.

Na sauka ɗakin magani da takardar likita a hannuna. Abokan aikina suka ga fuskata, babu wanda ya tambaye ni labarin taro. Ni na buɗe kabad na ɗauko kwalaben. Na lissafa da nauyin jikinsa, na duba sakamakon ƙodarsa na sake lissafawa, na ba babbarmu ta duba a karo na uku. Maganin nan yana hana ƙwayar ƙarambau hayayyafa, amma in aka tura shi da sauri, ko jiki ba ruwa, yana iya taruwa a ƙoda ya ji mata ciwo. Yaya kuma guda ɗaya gare shi. Na rubuta a jikin leda da manyan baƙaƙe: a hankali, awa ɗaya cur, duk bayan awa takwas, tare da ƙarin ruwa.

Shekara biyu Goggo na kirana mai ƙirga ƙwaya. Ranar nan ban ji haushin sunan ba.

Lokacin da nas ke neman jijiya a tsakanin ƙurajen, Goggo na tsaye a kanta, takunkumi ya karkace mata, leɓɓanta na motsi. Da allurar ta shiga ta runtse ido. Can ta tambaya a hankali ko yanzu ƙurajen za su koma ciki.

"Mama, ai tuni ciwon ya shiga," nas ta ce. "Binsa muke yi mu tare shi."

Yaya ya ɗago ido ya kalli ledar da ke ɗiga. Ya ce in dai lissafin Malama Shiru ne to shi ya sa hannu, don shi ya koya mini raba dogon lissafi da bulala. Na ce ƙarya ne, da alewa ya koya mini. Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Anti ce ke riƙe da robar da ake auna fitsarinsa. Duk awa sai ta duba ta rubuta a bayan wata takarda. Goggo ta ce yau dai an samo wa Gimbiya aikin da ya dace da ƙarfinta.

Bayan la'asar likitar ta shigo. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta ɗaga murya. Ta ɗaga hoton ƙirjin a jikin taga ta nuna mana ɗigo-ɗigon fari da suka bazu a huhun duka biyu. Ta ce hantarsa ma ta fara nuna alama. Maganin da ake sa masa shi ne daidai, zai yi aƙalla sati guda a kansa, watakila fiye. Amma magani shi kaɗai ba ya gama wannan yaƙin, sai jiki ya taya. Jikinsa kuwa mu muka ɗaure masa hannu. Don haka tana son ta tsayar da ɗaya daga cikin magungunan dashen daga yau, ta rage wani, har sai ƙurajen sun bushe.

"Ƙodar fa?" Yaya ya tambaya.

"Za mu riƙa duba ta kullum. Mutane da yawa suna wucewa lafiya. Amma ba zan ɓoye maka ba, in garkuwar ta farka tana iya juyawa kanta."

"In rasa ta."

"Yana iya faruwa."

"In ba a rage ba fa?"

"Ina tsoron huhunka."

Ya rufe ido. Ya buɗe.

"Kada a taɓa maganin."

Likitar ta ja numfashi ta sake yi masa bayani. Ta ce wanda ya rasa ƙoda yana iya komawa wankin ƙoda ya rayu, wanda huhunsa ya tsaya kuwa ba shi da inda zai koma. Na sa baki. Na ce Yaya kai malamin lissafi ne, ka auna mana. Ya ce ya auna. Yana magana yana tsayawa ya nemi iska.

"Amana aka ba ni. Lafiyayyen mutum ya kwanta aka yanka shi saboda ni. Shekara biyu ban taɓa makara da minti goma ba. Ba zan sa hannu a jefar da ita ba."

Goggo ta gyaɗa kai. Ta ce Babanta ya yi gaskiya, ba a wasa da kyautar mutane. Ko wane ne wannan bawan Allah, ɗan halak ne, uwarsa ta haifu. Ta juya ta harari Anti.

"Wani can da bai haɗa komai da shi ba ya ba shi ƙoda. Ke da kike matarsa, kina tsaye kamar an dasa ki. Ko baki ba za ki sa ba?"

Anti ta ajiye takardar da take rubutu a kai. Ta ajiye biron a kanta. Ta zagayo gefen gadon ta tsaya inda zai ga idonta.

"Malam."

Haka take kiransa tun suna saurayi da budurwa.

"Kada ki…" ya fara.

"Ni na ce a yi shiru, ni kuma zan buɗe. Likita, ki rage maganin."

"Ke a wa?" Goggo ta ce.

Anti ba ta waiwaya ba. Shi take kallo.

"Tawa ce. Ba aro na ba ka ba, balle ka ce za ka dawo mini da ita yadda ka karɓa. Kyauta ce. Ranar da na kwanta a gadon nan ba ƙoda nake son ta rayu ba, kai nake so. In ta zauna, mun gode Allah. In ta tafi, na yafe ta duniya da lahira. Zan raka ka wankin ƙoda sau uku a sati kamar da, na san hanya, na san kujerar da ba ta girgiɗi. Amma ba zan koma gida in ce wa yarinyar nan ubanta ya tafi don yana tsaron kayan uwarta ba."



Hawaye ya gangaro masa ya yi hanya a cikin farin maganin. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya wajen likitar ya gyaɗa kai.

"A rage."

Likitar ta rubuta a fayil ta miƙo mini in kai ɗakin magani. Ban iya motsawa ba, don Goggo ta taso.

Ta zo gaban Anti ta tsaya. Tsawonsu ɗaya, ban taɓa lura ba sai ranar.

"Nuna mini."

Anti ta juya wa ƙofa baya, ta ɗan ɗaga gefen rigarta ta hagu. Tabon na nan, ya yi duhu, ya kwanta. Goggo ta kai yatsa kamar za ta taɓa, ta fasa.

"Lokacin da na zo na same ki a kwance…"

"Kwana tara da aikin, Goggo."

"Na ce ki tashi ki ɗebo mini ruwan alwala."

"Na ɗebo."

"Kin ɗebo," Goggo ta maimaita.

Na zaci kuka za ta yi. Ba ta yi ba. Ta sa hannu biyu ta sauke wa Anti rigar, ta gyara mata ita sosai kamar mai shirya yarinya za ta makaranta.

Ni kuwa ina tsaye rungume da fayil. Shekara biyu ina kallon matar nan tana haɗiye magana a kan tabarmarmu, ina jin kamar in fashe. Yau ga shi an ji, kuma daga bakinta.

Abin yatsan Yaya ya fara ƙara.

Na duba. Tamanin da tara. Tamanin da shida. Ƙirjinsa na ɗagawa da sauri, leɓɓansa sun canja kala. Likitar ta danna ƙararrawa ta ce a kawo babbar robar iska, a sanar da ɗakin kulawa ta musamman su shirya gado. Nas biyu suka shigo da gudu.

"Kowa ya fita."

Muka tsinci kanmu a baranda, ƙofa ta rufe. Ta gilashin ba na ganin komai sai bayan fararen riguna.

Anti ta koma jikin bangonta za ta jingina. Goggo ta kama kujerar robar nan ta jawo ta har gabanta, ta share ta da gefen mayafinta.

"Zauna, 'yata."

"Goggo, ke ce babba…"

"Na ce ki zauna. Shekara biyu kina tsaye. Yau ni zan tsaya."

Anti ta zauna. Goggo ta tsaya a bayanta ta dafa kafaɗunta da hannu biyu, idonsu duka a kan ƙofar.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Likitar ta leƙo, ta janye takunkuminta. Ba ta kalli Goggo ba, ba ta kalli Anti ba.

"Ke, ta ɗakin magani," ta ce. "Ajiye fayil ɗin nan ki shigo. Sunanki yake kira."